Ranar da Na Ja Kati a Kan Sha Shida

Shekarun baya, tun ina da sumar da ke ba mai aski wahala, na zauna a birnin New York ina karatun ilimin ƙididdiga. Wajen tsakiyar shekarun 1970 ke nan. Ina zaune a University Heights, cikin Bronx, a hawa na huɗu na wani tsohon bene mai jan bulo wanda liftarsa ba ta aiki sai ranar da ta ga dama. Ɗaki ɗaya muke da abokina, mutumin zangon Kumasi, direban tasi. Shi ya koya mini hawa jirgin ƙasa lamba huɗu ba tare da na ɓata ba, ni kuma na koya masa cewa ba kowace miya ce ake cika wa barkono ba. Bai yarda ba har muka rabu.

A hawa na biyar, daidai saman kanmu, akwai wani tsoho Bature da ke zaune shi kaɗai. Wata Asabar lifta ta yi halinta, na tarar da shi a matakala rungume da jakunkunan cefane biyu, yana hawa yana hutawa. A garinmu ba a wuce babba da kaya a hannu, don haka ko sallama ban gama ba na miƙa hannu zan karɓa. Tsohon nan ya ƙanƙame jakunkunansa ya zare mini ido. Ashe ya ɗauka ƙwace zan yi. Sai da na nuna masa makullin ɗakina, na yi rantse-rantse da Turancina na makaranta, sannan ya saki guda ɗaya, ya riƙe ɗayar, wai ko da na gudu ya tsira da rabi.

Da muka isa ƙofarsa ya laluba aljihu zai ba ni lada. Na ce, "Haba Baba, ai ba a yin haka."

Ya ce, "Me ka kira ni?"

Na ce, "Baba."

"Ban tuna na haife ka ba."

Na ce masa a wurinmu ba sai ka haifi mutum yake kiran ka haka ba, furfura kaɗai ta isa. Ya yi dariya har da tari. Daga ranar ni ina ce masa Baba, shi kuma da ya ga littafin da ke hammatata ya laƙaba mini Farfesa, alhali ko jarrabawar zangon farko ban ci ba tukuna.

Littafin nan ne ya ja mini komai. Ya karɓa ya duba, ya ga babin lissafin yiwuwa, wato yadda ake auna ko abu zai faru ko ba zai faru ba. Ya taɓe baki ya ce, "Wannan a takarda kuke koyon sa? Zo gobe da rana in nuna maka shi yana numfashi."

Washegari na je. Na tarar ya shimfiɗa wani koren mayafi a teburin kicin, ga karta a tsakiya. Ashe ya yi shekaru masu yawa yana raba karta a manyan jiragen ruwa na masu yawon shaƙatawa, kafin hannuwansa su fara rawa ya ajiye aikin. Ina ganin kartar nan na ja da baya. Na ce masa addinina ya hana caca, kuma mahaifiyata, da za ta ji an ce an gan ni a gaban karta, da ƙafa za ta tako daga gida ta ja kunnena. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya dawo da wani gwangwanin biskit cike da maɓallai. Na marigayiya matarsa ne, tela ce. Ya ce, "Ga dukiyarmu. In mun gama, duk su koma gwangwani. Ubangijinka zai yi fushi a kan maɓalli?"

Ban san amsar ba, kuma har yau ban ce na sani ba, malamai su yi mini afuwa. Abokina dai bai ɓoye nasa ra'ayin ba. Ya ce, "Malam, da maɓalli ake farawa. Gobe sai in ji ka jinginar da rigar sanyinka." Na yi masa alkawari ba zan taɓa sa ko sisin kwabo ba, kuma wannan alkawarin na riƙe shi har yau da nake rubutun nan.

Wasan shi ne blakjak, wasu na ce masa ashirin da ɗaya. Ba shi da wuyar ganewa. Kai da mai rabawa kuke karawa. Kowa na neman jimlar katunansa ta kusanci ashirin da ɗaya ba tare da ta haura ba. In ka haura, ka ƙone, an cinye ka nan take. Katuna masu hoton sarki ko sarauniya ko bawansu duk goma-goma ne. Mai ɗigo ɗaya kuma yana zama ɗaya ko sha ɗaya, yadda ya fi maka. Ana ba ka biyu, mai rabawa ya ɗauki biyu, ya buɗe ɗaya ya kife ɗaya. Sai ka zaɓa: ka ja wani katin, ko ka tsaya a kan abin da ke hannunka.

Wannan kowa na iya koya a zama ɗaya. Abin da tsohon ya koya mini shi ne lissafin da ke bayan wasan. Duk ƙaramin katin da ya fito, daga biyu zuwa shida, sai ka ƙara ɗaya a ranka. Duk babba, goma ko mai ɗigo ɗaya, ka rage ɗaya. Bakwai da takwas da tara ba ruwanka da su. In lissafin ya hau sama, ka san ƙananan sun fita, manya ne suka yi saura a hannun mai rabawa, lokacin ne ake zuba maɓallai da yawa. In ya sauka ƙasa da sifiri, sai ka kama kanka. Shi ke nan. A faɗe kamar wasan yara, amma ka gwada riƙe lambar nan a ka alhali ana yi maka hira, jirgi na wucewa yana girgiza tagogi, shayi na tafasa.

Na sha wuya. Ni da nake taƙama na zo na ɗaya a lissafi tun daga firamare, sai ga ni ina motsa leɓe kamar mai jan carbi. Yakan buga tebur ya ce, "Farfesa, rufe bakinka! Duk jirgin ya ji lissafinka." Da Hausa nake ƙirgawa, don in na yi da Turanci sai in rikice. A haka ya tsinci kalma ɗaya tak, goma. Duk sanda babban kati ya faɗo sai ya ɗaga yatsa ya ce "gwoma," yana jin kansa kamar ya haddace harshen gaba ɗaya.

Ranakun Lahadi bayan azahar suka zama namu. Ya san ba na cin naman alade, ya daina ajiye shi a firji ranar da zan zo, ko da yake ban taɓa roƙon sa ba. In la'asar ta yi, shi ke duba agogo ya ce, "Lokacin Ubangijinka ya yi." In shimfiɗa jarida a falonsa in yi salla, in dawo, ya tare ni da tambaya: "Nawa muka tsaya?" Ni kuwa na manta tun a alwala. Shi sai ya faɗa, mu juya sauran katunan mu ƙirga, a samu daidai. Bai taɓa kuskurewa ba a shekarar farko, ko sau ɗaya.

Akwai abin da ya fi tsana: in yi wasan banza in ci, in yi murna. Sai ya tattare maɓallan da na ci ya mayar gefensa. In na yi ƙorafi ya ce, "Ba ka ci ba, katin ne ya ji tausayinka. Ana auna ɗan wasa da abin da ya sani lokacin da ya yanke shawara, ba da abin da ya fito daga baya ba." In kuma na yi daidai aka cinye ni, sai ya tura mini biskit ya ce na yi kyau. Na daɗe ina ganin wannan rashin adalci ne.

A sanyin shekara ta biyu abubuwa suka fara canzawa. Da farko ƙananan abubuwa ne, irin waɗanda mutum ke kau da kai. Ya tambaye ni abu, in ba shi amsa, bayan minti biyar ya sake tambaya. Wata rana muka ji ana ta fama da makulli a ƙofarmu, abokina ya buɗe da sanda a hannu, sai ga tsohon yana mita wai an canza masa kuba. Hawa ɗaya ya rage bai kai ba. Muka yi dariya mu uku, na raka shi sama. Sannan aka zo ranar da ya ɗora butar shayi ya fita sayen jarida, ruwan ya ƙone, hannun butar ya narke, hayaƙi ya cika matakala. A shekarun nan kuwa gobara ba abin wasa ba ce a Bronx, kusan kullum sai ka ji jiniyar 'yan kwana-kwana. Mai kula da benen ya buga wa 'yar tsohon waya.

'Yarsa ɗaya ce, ma'aikaciyar asibiti, tana zaune da mijinta a tsallaken kogi. Tun rasuwar mahaifiyarta take roƙon sa ya koma wurinta, yana ƙi. Ya ce shekara talatin da wani abu yana gidan nan, ya san kowane tsagin bango, ba zai je ya zama kujera a falon surukinsa ba. Ranar da ta zo bayan maganar butar, ta bututun ɗumama ɗaki muke jin muryoyinsu. Da za ta tafi ta tsaya a ƙofarmu, idanunta jawur. Ta ce, "Kai ne ɗalibin da yake ta ba ni labari. Kai kake ganin sa kowane mako. Don Allah gaya mini gaskiya, yaya kake ganin kansa?"

Jama'a, na san gaskiyar. Amma ta yaya zan tsaya a matakala in ce wa 'yar mutum ubanki ya fara ruɗewa? Mutumin da nake shan shayinsa? Na sunkuyar da kai na ce, "Lafiyarsa ƙalau. Tsufa ne kawai." Ta dube ni kamar tana so ta yarda, ta yi godiya ta sauka.

Lahadin da ta biyo na hau kamar kullum, sai na tarar da ita zaune a teburin, ta naɗe hannun riga. Tsohon ya sa farar riga mai guga har da ɗan ƙaramin laƙtaye, irin shigar aikinsa ta da. Ya ce, "Zauna, Farfesa. Yau shari'a za a yi." Ashe sun yi yarjejeniya. Ita za ta raba, don tun tana yarinya ya koya mata rabawa, ko da yake ba ta taɓa koyon lissafin ba. Za a zagaya kartar sau uku. In an gama maɓallansa sun fi yadda ya fara, za ta ƙyale shi a gidansa, ba za ta sake ta da maganar ba sai an fita sanyi. In sun ragu, zai haɗa kayansa.

Na ce, "Baba, ai ko gwani ana cinye shi a zagaye uku. Kai ka koya mini."

Ya ce, "Na sani. Amma ba ta yarda da magana, sai abin da ta gani." Sannan ya ɗaga hannuwansa masu rawa. "Waɗannan ba za su riƙe kati ba. Kai ne hannu, ni ne kai. Abin da na ce shi za ka yi. Kada ka sa mini baki."

Aka fara. Ban yi niyyar ƙirgawa ba, amma wanda ya saba ba ya iya hana kansa, lambobin na hawa suna sauka a raina kamar numfashi. Zagayen farko tsohon nan ya burge ni. Kafin kowane hannu, wato kowane sabon rabo, sai ya faɗi lissafin a fili don ta ji, kuma duk abin da ya faɗa shi ne a kaina. Ya ce ja, in ja. Ya ce tsaya, in tsaya. Har da ba'arsa, yana ce mata ta riƙe kartar da kyau kada ta ba shi kunya a gaban baƙo. Ta yi murmushi, na ga kafaɗunta sun ɗan sauka. Zagaye na biyu katin bai yi mana kirki ba. Wasa daidai yake yi, amma aka ci mu sau uku a jere, tarinmu ya koma ƙasa da yadda muka fara.

A zagaye na uku, da aka wuce rabi, ƙananan katuna suka yi ta zubowa kamar an buɗe musu ƙofa. Biyu, huɗu, shida, uku. Lissafi ya kai shida a sama, ga katunan da suka rage ba su fi ashirin ba. Na saci kallon sa, na ga idonsa ya yi haske. Ya ce, "Shida a sama. Tura su." Na tura kusan duk abin da ya rage mana tsakiyar mayafin. Daidai ne, ko ni haka zan yi. Wannan hannun shi zai raba gardama.

Ta raba. Ta ba ni sarki. Ta ba ni shida. Ta buɗe nata, sarauniya.

Sha shida a hannuna, goma a gabanta. Duk wanda ya san wasan ya san babu hannun da ya fi wannan muni. Gaba kura, baya sayaki. In ka ja, duk katin da ya haura biyar zai ƙone ka. In ka tsaya, wataƙila katin da ta kife babba ne, ta cinye ka ba tare da ta motsa ba. Amma ko a cikin mugun abu akwai dama-dama, kuma tsohon ya sha nanata mini: in lissafi na sama, manya sun yi yawa a sauran, ja ganganci ne, tsayawa ake yi. Na sake bi a raina. Shida ne, sarki ya rage ɗaya, shida ya ƙara ɗaya, sarauniya ta rage ɗaya. Biyar a sama. Tsayawa ce, babu ko tantama.

A daidai lokacin ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta ce, "Af, Baba, ka sha maganinka na rana kuwa?" Ba da wata manufa ta faɗa ba, halin aikinta ne. Ya juya a fusace ya ce ya sha, ko bai sha ba ina ruwanta, ana tsakiyar wasa. Suka yi 'yar musayar magana, ba ta fi ta daƙiƙa goma ba. Sannan ya juyo ga teburin.

Na ga fuskarsa. Ban taɓa manta ta ba. Kamar mutumin da ya shiga ɗaki ya tsaya ya rasa abin da ya kawo shi. Idonsa ya bi katunan, ya bi maɓallan, ya dawo. Leɓensa ya motsa, shi da ke hana ni motsa nawa. Shirun ya fara tsawo, 'yarsa ta fara kallon sa da irin kallon ma'aikatan asibiti. Ya lura. Sai ya gyara zama ya ce da ƙarfi, "Biyu a ƙasa. Ja."

In na ce, "A'a Baba, biyar ne a sama," na tona shi a gaban 'yarsa, a ranar da ya sa farar riga don ya nuna mata kansa na nan. Na kuma ƙaryata kaina, ni da na ce mata lafiyarsa ƙalau. In na yi shiru na ja, mai yiwuwa ƙwarai mu ƙone, ya rasa gidansa a kan kuskuren da nake gani ƙuru-ƙuru. Na nemi wata 'yar hanya a tsakiya. Na ce a hankali, "Baba, in ja?" ina fatan tambayar za ta farkar da shi.

Ya ce, "Ka kurumce ne? Ja."

Da an ce in rantse a kan abin da ya sa na bi shi, ba zan iya cewa tausayi ne zalla ba. Akwai tausayi, amma akwai tarbiyyar da ta hana ni gyara wa babba magana a gaban ɗansa, akwai kuma tsoron kada a gane na yi ƙarya a matakala. Na ƙwanƙwasa tebur da yatsa, alamar a ƙaro.

Ta zaro katin ta ajiye. Biyar.

Ashirin da ɗaya cif. Ta buɗe nata na kife, ga wani goman, ashirin ke nan. Da na tsaya, da an cinye mu. Ta saki kartar ta tafa hannu, ta tashi ta rungume shi ta baya tana dariya tana share ido. "Kai dai, Baba! Kai dai!" Sauran hannu biyun da suka rage muka yi su da maɓalli ɗaya-ɗaya, ba su canza komai ba. Tarinmu ya fi na farko nesa ba kusa ba. Ta ce ta yarda, alkawari alkawari ne, sai an fita sanyi. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Ka yi gaskiya. Na gode." Na rasa inda zan sa fuskata.

Na dawo kicin ina ta fara'ar dole, na fara tattara katuna. Ya ce, "Bar su." Yana zaune yana kallon tarin maɓallan da ke tsakiyar mayafin. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Farfesa, wa ya tura waɗannan duka?"

Na ce, "Kai ka ce in tura, Baba."

"Ni ba na tura tari irin wannan sai lissafi ya hau sosai." Ya nuna tarin da yatsa. "To in ya hau sosai, ta yaya kati uku za su mayar da shi biyu a ƙasa?"

Na kau da kai, ya sake tambaya.

"Nawa ne?"

"Baba, ai mun ci."

Ya buga teburin, maɓallai suka yi tsalle. "Ban tambaye ka ko mun ci ba. Nawa ne?"

Na ce, "Biyar a sama."

"Ka sani lokacin?"

"Na sani."

"Ka ja."

"Kai ka ce in ja. Kuma tana zaune."

Ya jingina da kujera ya rufe ido. Na zaci zagi zai biyo baya, na ma fi son zagin. Amma da ya buɗe baki, muryarsa a sanyaye take. Ya ce lambar ba ɓacewa ta yi a hankali ba, ɗauke ta aka yi gaba ɗaya, kamar an kashe fitila. Ya ce ya laluba bai samu komai ba, sai ya ƙirƙiro wata don kada a ga hannunsa wayam. "Shekara arba'in ban taɓa ƙirƙirar lamba ba," in ji shi. Sannan ya dube ni. "Na san don kana ƙaunata ka yi. Amma ka ga, yau biyar ce ta fito. Ranar butar shayi ma biyar ce ta fito, sa'a ce kawai, shi ya sa kai da abokinka kuke da rai. Sau nawa kake tsammani za ta yi ta fitowa?"

Na ce masa a garinmu ba a kunyata babba. Ya ce, "Al'ada ce mai kyau. Amma in babban yana tuƙa mota ya nufi rami fa? Ku yi shiru ku faɗa tare, don ladabi?" Ya sa hannunsa mai rawa ya share tarin maɓallan zuwa gefen da 'yarsa ta zauna. "Ba mu ci ba."

Washegari da safe shi da kansa ya buga mata waya. Ban san abin da ya gaya mata ba, ban kuma tambaya ba. Bayan mako biyu mijinta ya zo da babbar mota. Lifta, kamar ta sani, ta ƙi aiki, ni da abokina muka yi ta sauko da akwatuna daga hawa na biyar. Abokina, wanda ya yi shekara biyu yana yi mini wa'azi a kan karta, shi ya ɗauko teburin kicin ɗin a ka, yana ta faɗa wa mijin ya bi a hankali kada ya karce shi. Da na samu 'yar ita kaɗai a gefen mota, na ce mata abin da na faɗa a matakala ba gaskiya ba ne. Ta ce, "Na sani. Ni ma so nake a yi mini ƙaryar."

Tsohon ya sauko a ƙarshe, yana riƙe da ƙarfen matakala. Ya ba ni hannu, ya ce in ci jarrabawata, in kuma daina motsa leɓe. Na je gaishe shi sau biyu a tsallaken kogin. Zuwan farko mun yi hira sosai, har ya yi mini ƙorafin shayin surukinsa. Zuwa na biyu, bayan wata bakwai, ya karɓe ni da fara'a da ladabi, ya tambaye ni ko ni ne sabon likita. Na ce masa a'a, maƙwabci ne. Ya ce, "Madalla. Maƙwabta na da amfani." Shekarar da na gama karatu na dawo gida, wasiƙar 'yarsa ta biyo ni da labarin rasuwarsa.

Na yi aiki shekara talatin da 'yan kai, na zauna a gaban manya da yawa, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar na zama mai faɗin gaskiya komai ɗacinta ba. Sau da yawa na sake yin shiru inda ya kamata in yi magana, wani lokacin abin ya wuce lafiya, wani lokacin bai wuce ba. Bambancin kawai, ban ƙara yaudarar kaina da cewa don ya wuce lafiya na yi daidai ba. Kuma na gane kunya iri biyu ce: akwai wadda kake ji don ka kare mutum, akwai wadda kake fakewa da ita don ka kare kanka. Daga waje kamarsu ɗaya.

Ina kewar ranakun Lahadin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Ƙarar jirgi, ƙamshin shayi mai lemon tsami, dusar ƙanƙara a bakin taga, da wani tsoho da ba dangin iya ba na baba yana duba mini lokacin la'asar.

Yanzu ni ne mai furfurar. Kwanakin baya muna zaune da autata bayan cin abinci, na fara ba ta wani labari na zamanin aikina. Na yi nisa ina jin daɗin kaina, sai na ga tana wasa da cokali. Yayanta da ke gefe yana ta gyaɗa kai yana "Allah sarki, Baba," kamar bai taɓa ji ba. Ita kuwa ta ɗago ta ce, "Baba, ka ba mu wannan jiya. Shekaranjiya ma ka ba mu." Yayan ya harare ta, uwarsu ta ce ba ta da kunya. Ni ma abin ya sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Sannan na ce su ƙyale ta, na matsar da kujerata kusa da tata, na ce mata daga yau duk ranar da za ni ganin likita, ita za ta raka ni.